Filashin 'Yar Baba

A bencin shagon gyaran kwamfuta, wani dattijo rungume da laftof ya taɓo mai tabarau da ke gefensa.

"Malam, don Allah ka san kan wannan abin? Na zuba sabuwar manhajar windo a filash, na soka a laftof ɗin, na kunna, amma ta ƙi tashi. Baƙin allo kawai take nuna min."

"Ka danna F12 tana kunnuwa, Baba?"

"Har yatsana ya yi tsami."

"Ikon Allah. To ko filashin ne bai haɗu ba?"

"Ya haɗu sarai! Har tambayata aka yi ko na yarda a goge, na ce eh."

"A goge me?"

"Oho. Tsohuwar windon mana."

"A'a, Baba, abin da ke cikin filashin ake gogewa. Sabo ne dai, ko?"

"Na 'yata ne. Da laftof ɗin ta mutu, cewa ta yi mu gode Allah, aikinta na gama jami'a yana cikinsa."

Mai tabarau ya dafe kai.

Dattijon ya jinjina filashin a tafin hannunsa. "Amma ai nauyinsa bai ragu ba, ko?"