Yau Zan Kira Sunan Ɗan Farina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, maigidana na rediyo, ko da yake ko sabulu ba ka taɓa aiko min ba.

Ni tsohuwa ce daga Fakku, ƙasar Kebbe. Makon jiya baƙonka ya ce ciwon damuwa ya fi yawa a ƙasashen Turawa, wai mu muna da dangi. To, wa ya zo gidana ya ƙidaya? Su suna faɗa wa likita, mu kuwa "lafiya lau" muke cewa.

Ɗana na fari, magidanci ne, tun bayan girbi ya daina fita. Abinci yana dawowa yadda aka kai shi. Matarsa ta ce ya raba wa ƙannensa shanunsa, yana aikawa a nema masa gafarar mutane, alhali ko zazzaɓi ba ya yi. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta hana ni tambayarsa, ko sunansa ban taɓa kira ba.

Rediyonsa kullum tana kunne. Don Allah ka faɗi asibitin da za mu je, sannan ka karanta wanga da ƙarfi: Umaru, uwarka ce. Ka buɗe ƙofa, ina bakin ɗakinka.