Fentin da Bai Bushe Ba

A zauren da aka baje sababbin zane-zanen fentin mai, wata mata ta zauna kan benci kusa da wani dattijo, ta kasa ɗauke ido daga zanen da ke gabansu.

"Baba, don Allah dubi matar nan. Ba ni ba ce?"

"Ke ce, 'yata."

"To ina mai zanen ya san ni?"

"Ya ce a cikin kansa yake ganin mutanensa. Su suke zuwa, ba ya kiransu."

"Ƙarya yake! Ga ƙunar da ke hannun rigata. Yau da safe dutsen guga ya yi min ita. Leƙena ya yi."

"Fentin mai yakan yi makonni bai bushe ba. Ni na haɗa wa wannan zanen firam ɗin katako, wata huɗu ke nan."

Ta ƙara dubawa. A zanen akwai hannun namiji a gefen benci, babu ɗan yatsa ɗaya. Ta kalli hannun dattijon, shi ma babu wannan ɗan yatsan.

"Zarto ne," in ji shi. "Bayan na kai masa firam ɗin. Kullum nake zuwa in ga ko za ki zo."

"Wancan zanen da aka rufe da ƙyalle fa?"

"Bencin nan ne dai, amma mutum ɗaya ya rage."

"Ni ko kai?"

"Bai bushe ba tukuna. Zauna, 'yata. Ni ma tsoron tashi nake."