Na Kira Ta Raguwa, Ashe Zuciyarta Ce

Salamar Yesu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da muryata, yau sai ta yi rawa.

'Yata ta fari, Rifkatu, tana da shekara takwas ciwon maƙogwaro ya kama ta a ƙauyenmu, bayan Gwaram. Muka kira wanzami ya yanke mata belu, yadda aka yi mana muna yara. Bayan sati uku zazzaɓi ya zo, gwiwa ta kumbura ta saki, idon sawu ya ɗauka. Muka ce sanyi ne. Ya wuce, muka manta.

Da ta kai sha biyar, taɓarya goma za ta ɗaga ta tsaya tana haki. Ni kuwa zafin raina gari ya shaida. Raguwa nake kiranta, har duka na yi mata a bakin rijiya. Ta ce, "Inna, ƙirjina ke bugawa." Na ce, "Na kowa ma bugawa yake!"

Sai da ƙafafunta suka kumbura, barci ya gagara sai a jingine, tari har da jini, sannan muka hau mota zuwa asibiti a Birnin Kudu, shekarar da naira ta fito. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta. Ya ce zuciya tana da ƙyamare: na wani kan tsuke, na wani ba ya rufuwa, jini ya riƙa komawa baya. Nata ya tsuke. Mafarinsa wancan ciwon maƙogwaron, wanda allura kan tare.

Kafin kaka ta rasu. Wayyo! Ban nemi gafararta ba, nauyin baki ya hana ni.

Shekara biyu ban taka coci ba, kunyar Allah nake ji. Ranar da ciwon maƙogwaro ya hana ƙanenta Iliya haɗiyar koko, surukina ya aika a kira wanzami. Na shiga ɗaki na zube. "Yesu, na doki marar lafiya. In akwai gafara ga irina, ka ba ni baki." Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, na ji an sauke mini kaya.

Na fito na durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri, asibiti za mu." Ya dube ni, ya kau da kai, bai hana ni ba. Aka yi wa Iliya allurai, ga shi yau yana noma.

Na gode wa Yesu da ya yafe mini. Ku dogara gare shi. Iyaye mata, in yaro ya ce ya gaji, ku saurara. Ni a makare na koya.