Hadiza Ba Za Ta Daina Gudu Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Ni tsohon tela ne a unguwar Briqueterie, kuma da hannuna na rubuto, albarkacin karatun yamma.

Tun ina saurayi gasar tsere nake bi, abokaina suna bin ƙwallo. Yanzu jikata Hadiza tana tseren daji a makarantarsu. Baffanta, babban ɗana, ya ce ta bari, wai bai dace mace ta yi gudu da gajeren wando ba. Na ce in wando ne matsalar, ai ni tela ne. Na ɗinka mata dogo marar nauyi, da ɗankwali mai roba wanda ba ya zamewa.

Ranar Asabar aka yi tseren, bayan ruwan sama. Na tsaya a tudun ƙarshe, domin nan ake gane mai numfashi. Ta iso da jar laka har gwiwa. Na ce, "Amaryata, kada ki kunyata angonki!" Ta wuce yara biyu a gabana, ta zo ta uku.

A majalisa wani Alhaji mahauci ya ce, "Duk murnar nan a kan ta uku?" Na ce, "Alhaji, kai da ko masallaci sai an kai ka a babur?"

Baffanta ba ya rasa shirin nan, to ya ji: muddin ina raye, Hadiza za ta yi gudu. Ina gaida abokan tserenta. Masu sauraro, a ba ni shawara, wane takalmi ne ba ya santsi a laka?