Saƙon murya na ƙarshe da Habsatu ta turo min

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Jamila daga unguwar Kpébié, nan garin Paraku.

Wata kalmar Turanci ce ta hana ni sukuni, wato "sori". Aminiyata Habsatu ce ta kwaso ta daga Najeriya, inda take saro atamfa. Mu nan "pardon" ta Faransanci muka sani, amma ita komai sori. Ka yi tuntuɓe, sori, wato sannu. Ta taka maka ƙafa, sori, ka yi haƙuri. Ba ta ji maganarka ba, "sori?", wai ka maimaita. Har Hajiya Sori nake kiranta, ta ce, "Ke dai baƙauya ce!"

Watan jiya ta shiga mota zuwa garin Zugu gaida kakarta. Tana hanya ta turo min saƙon murya a waya: "Jamila, sori..." sai ya yanke. Motar ta yi hatsari, Habsatu ba ta kai ba. Allah ya jiƙanta.

Malam, wallahi ba mu yi faɗa ba. To wace sorin take nufi? Kullum sai na kunna na sake ji. Ko a bidiyo wani ya faɗe ta, sai in tuna da Habsatu. Inna ta ce in goge saƙon, in bar baiwar Allah ta huta, amma hannuna ya kasa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara, in goge ko in bari? Ke kuma Habsatu, in gafara kike nema, na yafe duniya da lahira. In kuma sannu kike min, yauwa, ƙawata.