Ƙarfen da ke Ƙafar Inna

Assalamu alaikum, Anti mai gabatarwa. Ni ɗaliba ce daga Mawashi.

Inna ta karye a hatsarin mota, aka sa mata ƙarfe a ƙafa. Kaka ta ce, "Ke 'yar boko, shafa mata man shanu a ɗinkin." Na san kuskure ne, amma kunya ta hana ni musu. Na shafa.

Yanzu wurin yana ruwa. Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun manne wa ƙarfen, ba su jin magani, kuma in abin ya ƙi, sai an yanke ƙafar. Ya ce a ƙasashen waje ana gwada wasu ƙananan halittu, wai faj, masu cinye ƙwayoyin cutar.

Don Allah, ana yi a Najeriya, kafin a yanke ƙafar? Kuma in gaya wa likita abin da na yi? Inna kullum albarka take sa mini.