Harshen Wendell da Sunan Loretta

"Sake faɗa, ban ji ba," in ji tsohuwar da ke gefensa.

"Yoweta." Wendell ya runtse ido don takaici. A ɗakin jiran likitar gyaran magana suke a garin Duluth na Amurka, ƙanƙara na narkewa a takalmansu. Ya nuna mata sunan a wayarsa: Loretta. "Wannan nake nufi, Mama. Wajen yi mini tiyata a wuya aka taɓa jijiyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa tana juya harshe." Ya zaro harshen, ya karkace hagu. "Ɓangaren da ya ji ciwo yake bi."

"To, sai me?"

"Zobe na aljihuna tun bazara. In nemi auren mace ina ce mata Yoweta? Sai jijiyar ta farfaɗo."

"Yaushe?"

"An ce wataƙila."

Ta ja tsaki. "Ɗana, mijina na ciki ana koya masa haɗiyar ruwa. Tun da ya faɗi, sunana Gloria ya gagare shi, Goya yake ce mini. Ka ga na tattara kayana?"

"Ku ai kun riga kun yi aure."

"Kai dai akwai taurin kai. Wa ke kawo ka nan?"

"Ita. Tana mota tana jirana."

"A wannan sanyin? Da wane suna kake kiranta a hanya?"

Wendell ya sunkuyar da kai. "Yoweta."

"Tana amsawa?"

Daidai nan ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunansa. Ya miƙe, hannunsa cikin aljihu a kan zoben.

"Ki sa wani a madadina," ya ce wa ma'aikaciyar. "Zan je mota in nemi aurenta yanzu."